Katakon da Ke Bayan Sulke

Fortuné Gasquet kafinta ne a ma'aikatar jiragen ruwa na yaƙi ta Toulon a Faransa, kamar ubansa. Da aka fara sa wa jirage sulke, yana cikin waɗanda suka haɗa gangar ɗaya daga cikinsu: katako a ciki, ƙarfe mai kaurin tafin hannu a waje. An yi aikin da gaggawa, katakon bai gama bushewa ba. Shi ma ya gani, amma hankalin kowa na kan ƙarfen.

Ɗa ɗaya gare shi, Baptistin. Da lokacinsa na shiga sojan ruwa ya yi, kamar kowane ɗan bakin teku, Fortuné ya yi ta zarya wurin manya, hula a hannu, har aka sa yaron a wannan jirgin.

Matarsa Clarisse ta ce, "Baban Baptistin, akwati ka zaɓa masa? Ko tagar kirki babu."

Ya ce, "Ke dai ji da miyar kifinki. Igwa ba ta huda wannan ƙarfen. A gabana aka gwada."

Baptistin ya yi dariya. "Inna, ƙyale Baba. Ai jirgin nan ne ɗan farinsa."

Aka ba Baptistin aikin zuba kwal a wutar injin, a can ƙasan jirgin. Kafofin igwa sun yi kusa da ruwa, da teku ta motsa sai a rufe su. Iska ba ta shiga, laima ba ta fita. Ya zo hutu yana tari, ya koma. Da sanyi ya zagayo aka sauke shi asibiti, bai tashi ba. Har lokacin ba wanda ya taɓa harbin jirgin.

Fortuné bai bar aiki ba, a nan ya tsufa. Da aka ce a farfasa jirgin, yana cikin masu farfasawa. Ƙarfen ya fito lafiya lau. Katakon kuwa yatsa na nutsewa cikinsa kamar burodi.

Al'adar ma'aikatar ce kafinta ya tafi gida da guntaye na hura wuta. Shi ya ƙi ɗauka, ga sanyi har cikin ƙashi.

Clarisse ta ce, "Kawo shi. So nake in ga ya ci wuta."

Ya kawo. Suka zauna gaban murhu. Katakon ya ƙi kamawa, sai hayaƙi mai warin ruɓa da ya cika ɗakin. Fortuné ya fara tari. Clarisse ta juyo ta daɗe tana dubansa, sannan ta tashi ta buɗe taga.