Minti Biyun Baffa

Ni na jawo mana wannan aiki, ba zan ɗora wa kowa ba. Ƙungiyarmu ta manoma da makiyaya ce, daga Taba har Nasarawan Doya, kuma aikinta ɗaya ne: kowace shekara kafin ruwan shuka mu fita mu bi burtali da ƙafa, mai gona da mai shanu tare, mu sake dasa bini-da-zugu a duk inda iyaka ta ɓace. Baffa, wan mahaifina, shi ya fara wannan tun ina firamare, shi ne kuma shugaba. Ni magatakarda ne, don ina koyarwa a Makarfi, kuma kowa ya san ni da son takarda fiye da kima.

Wata rana na ji labarin wata majalisa ta gwamnatocin ƙasashe da ke zama kan noma da kiwo, wadda ke barin ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba su ba da shawara in sun cika sharuɗɗa. Na ce mu ma a yi da mu. Sharuɗɗan nan sun kusa sa mini furfura. Sai an ga rajista, sai an ga tsarin mulki a rubuce, sai an tabbatar ƙungiya ta daɗe tana aiki. Har suka tambayi yadda muke zaɓen shugaba, mu da in Baffa ya yi gyaran murya magana ta ƙare. Dole muka tara jama'a aka ɗaga hannu, makiyaya suna ta dariya, wani ya ɗaga hannu biyu har da sandarsa. Na aika, aka dawo da tambayoyi, na sake aikawa. Sai da aka yi damina biyu kafin amsa ta zo cewa an karɓe mu.

Na zauna na karanta wa Baffa ƙa'idojin. Ba mu da ƙuri'a, gwamnatoci ne ke yanke hukunci. Ba ma magana sai wakilan ƙasashe sun gama, kuma sai shugaban zama ya ba da izini. Wannan bai dame shi ba, ya ce ko a zauren mai gari haka ake yi. Sai na zo kan wadda nake tsoro: minti biyu ake bayarwa, da sun cika a kashe maka murya. Kuma tunda da Hausa zai yi magana, sai mun riga mun aika fassarar jawabin, tafintansu ya riƙa karantawa yana binsa.

Shekara da shekaru Baffa na burin wani babba ya ji cewa ana iya tsare burtali ba tare da an zub da jini ba. Ga shi ƙarfi ya fara ƙarewa, bara ma a kan babur aka zaga da shi iyakar. Na san a raina wannan dama ba lallai ta sake samunsa da lafiyarsa ba.

Muka yi gwaji a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Na danna agogon waya na ce bismillah. Baffa ya yi sallama, ya gaida shugaban zama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan bana a ƙasashensu, ya yi wa iyayensu addu'a. Yana cikin tambayar lafiyar dabbobinsu waya ta yi ƙara. Ko sunan burtali bai ambata ba. Sau uku muna yi, sau uku haka.

Raina ya ɓaci, na yi magana da muryar da nake yi wa ɗalibai, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Baffa, a can ba a gaisuwa."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "In faɗa wa mutane da magana ban tambayi kwanansu ba? Sai su ce daga wane gida na fito. In haka ne, ɗana, kai ka je ka karanta musu."

Na yi tunanin in karanta ɗin. Amma ni ban taɓa tsayawa tsakanin manomi da makiyayi sanda na sama ba, shi kuwa da tabo a kafaɗarsa. In na karanta, takarda kawai za su ji. Washegari na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce zai zo, bai ce zai bar gaisuwa ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba.

Ranar zaman, da yake ta intanet ake yinsa, muka aro kwamfuta, muka taru a wani aji a Makarfi inda waya ta fi kamawa. Fuskokin wakilai suka fito a ƙananan akwatuna a allon kwamfutar, mu ma namu akwatin yana can gefe, muryarmu a kashe sai an kira mu. Baffa ya tambaye ni ko suna ganinsa. Na ce mai yiwuwa, amma ba sa jinsa. Sai ya gyara hula, ya jawo kujera kusa, ya dafa ƙirji ya fara gaisuwa.

Akwati akwati ya bi su. Ya tambaye ni wannan daga ina yake, in karanta masa ƙasar, ya gaishe shi da gajiya da iyali da ruwa. Wani dattijon makiyayi da ke kusa da shi ya ga gaisuwa tana tafiya ba mai amsawa, sai ya ɗauki nauyin amsa musu, yana cewa lafiya lau, madalla. Da farko na sunkuyar da kai don kunya. Can na lura ƙwalla ce ta cika mini ido. Bai tsallake ko mutum ɗaya ba.

Da aka kira ƙungiyarmu na buɗe murya. Baffa ya shiga maganarsa kai tsaye, a natse, yadda muka rubuta. Ya faɗi yadda muke bin burtali, da yadda mai shanu ke dasa shingen gonar da shanunsa za su wuce. Ya roƙi in gwamnatoci za su rubuta doka kan hanyar dabbobi, su tambayi waɗanda ke takawa da ƙafarsu. Na ga wasu wakilai suna rubutu. Ya gama da sauran ɗan lokaci, ya dube ni, na nuna masa da yatsu cewa saura kaɗan.

Sai ya sake dafa ƙirji ya ce, "To, ku gaida gida."

Wannan ba ya cikin takardar da muka aika, don haka tafinta ya yi shiru. Sai wani akwati ya yi haske, wakilin wata ƙasa maƙwabciyarmu, wanda ba a ba shi izinin magana ba, ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

Ya ce, "Za su ji, Baba."

Shugaban zama ya kira ƙungiya ta gaba, aka kashe muryarmu. Baffa bai tuna mini abin da na faɗa a gindin mangwaro ba. Ya dai miƙo mini hannu in tashe shi, ya tambaye ni yaushe ne zama na gaba.