Mita Uku Cif

A shekarar da na fara aikin haɗa na'urori, an tura ni wata ƙaramar madatsar ruwa a gefen hanyar Badafi, wadda masu noman rani suka dogara da ita. Ni ɗan Kiru ne, shi ya sa ofishinmu na Kano suka ce in je, tunda gida ne. Aikin ba wani mai yawa ba ne. Akwai na'urar da aka nutsar cikin ruwa tana auna zurfinsa, sai dai tsohuwar ƙira ce, bakinta na siriyal ne, wato ta waya take fitar da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ba ta san wani abu wai shi intanet ba. Sai a sa mata ɗan akwati a tsakani, bai fi sabulun wanki girma ba. Shi zai karɓi lambobin, ya ƙunsa su, ya tura ta netwok zuwa kwamfutar ofis.

Kafin zuwan akwatina, wani dattijo ne ke wannan aiki. Malamin allo ne, gidansa na kallon madatsar. Kullum bayan sallar asuba zai naɗe ƙafar wando, ya gangara inda aka kafa sandar awo, ya karanta, ya buga wa ofis waya. Da lambarsa ake yanke yawan ruwan da za a saki. Muddin ruwa ya sauka zuwa mita uku, sai a rage wa manoma kwanakin ban ruwa.

Rabin yini na yi ina saiti. Na daidaita saurin magana tsakanin na'urar da akwatin, na sa adireshin kwamfutar ofis, sannan na zo wurin da ake gaya wa akwatin lokacin da zai tura abin da ya tara. Hanya biyu ce: ko ya jira alamar ƙarshen layi, ko ya tura da zarar ya ji na'urar ta yi shiru. Ni da rawar kaina na zaɓi ta biyu, na kuma matse lokacin jiran sosai, don kada a ce aikina na da nawa. Na kira ofis, suka ce lamba ta shigo. Ban ma tambaye su ko wace lamba ba ce, na hau acaɓa na tafi cin tuwon mahaifiyata.

Bayan mako guda shugabanmu ya kira ni. Ya ce kwamfuta na nuna mita uku cif, Malam kuwa kullum cewa yake mita uku da santimita arba'in, uku da talatin da takwas. Ya ƙara da cewa ya ji gonar ƙannen Malam na ƙasan madatsar, ko yana ƙara lamba ne don kada a rage musu ruwa, don haka in je in duba.

Na sami manoma ƙarƙashin mangwaron da suke zama da hantsi, sun kai mutum ashirin, Malam na tsakiya. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Injiniya, ai abin ba nisa. Zo mu gangara ka gani da idonka."

Ranar sabon takalmi ne a ƙafata, gangaren kuwa duk caɓi. Wallahi wannan ne ya hana ni gangarawa. Kuma raina ya ɓaci da na ga ana neman gwada aikina da sanda. Sai na ce, "Baba, na'ura dai ba ta da gona a ƙasan madatsa."

Malam ya dube ni ya ce, "To, madalla." Ya ɗauki buzunsa ya tafi gida.

Ofis suka ce ya daina bugo waya, aka kuma rage kwanakin ban ruwa. Maganata ta zaga gari. Mutumin da ake kai wa rabon gado da sulhun aure, sai ga shi ana cewa ya yi shekaru yana ƙara lamba. Ni kuwa ina Kano ina duba kwamfuta kowace safiya: uku cif, uku cif. Ruwan da ake sha kullum, rana na dukansa, amma wai bai motsa ba. Ko jaki ya kamata ya tsaya ya yi tunani, ni ban yi ba.

Wata safiya sai ta nuna biyu cif. Shugabanmu ya kira yana ihu, wai ina mita guda ta ruwa ta shiga a kwana ɗaya? Nan take na kamo motar Kiru. Wannan karon na tuɓe takalmi na gangara. Sandar na nuna biyu da casa'in da takwas.

Na cire akwatin, na haɗa kwamfutata kai tsaye da na'urar, na zura ido. Sai ga biyu ta fito, aka ɗan yi shiru kamar ƙiftawar ido, sannan ɗigo da casa'in da takwas suka biyo. A wannan ɗan shirun akwatina ke ƙunshe lambar farko ya tura. Kwamfutar ofis ta karɓi ƙunshin farko, ta watsar da na biyu. Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba. Na ce wa akwatin ya riƙa jiran alamar ƙarshen layi, shi ke nan.

Daga nan zauren Malam na nufa, da laka har gwiwa. Na durƙusa na yi bayani tun daga farko. Bai katse ni ba har na gama.

Ya ce, "Wato akwatin naka ba ya bari a gama magana."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To, a wurin wa ya koya?"

Kunya ta kama ni. Na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Ni na yafe maka tun ranar. Amma ai ba a zauren nan ka faɗa ba."

Washegari da hantsi na je gindin mangwaron. Mutum bakwai na tarar. Na tsaya na ce lambar Malam ce daidai, kuskuren nawa ne, maganar da na faɗa kuma ƙarya ce. Suka ce Allah Ya kiyaye gaba. Ofis suka mayar da kwanakin ban ruwa, suka roƙi Malam ya ci gaba da bugo waya. Ya ce a bar wa akwati, tunda yanzu ya koyi haƙuri.

Bayan wata biyu ina sayen albasa a kasuwar Kiru, sai na ji mai albasar na ba wani mutum labarin malamin nan da na'ura ta tona wa asiri. Na ajiye ledata na ce masa ni ne na haɗa na'urar, na yi masa bayanin shirun da ƙunshin da komai.

Ya saurare ni, ya ce, "To, ni dai abin da na ji ke nan." Ya ci gaba da kasa albasarsa.