Na Kai Goyona Yaye Bayan Teku

Ranar da za mu bar Paris ana yayyafin nan nasu marar zuciya, wanda ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Mu huɗu ne: uban gidana Mushe, matarsa Madam, ɗansu, da ni mai renonsa. Za mu wani tsibiri da ake kira Martinik, inda uwar Mushe take da gida a bakin teku. Su hutu za su je. Ni kuwa yaye zan kai.

Ni 'yar Jiratawa ce. A shekarun farko na mulkin kai na yi aure a Maraɗi, na haihu, ƙyanda ta ɗauke mini ɗan, auren ma bai daɗe a bayansa ba. Wata ƙawar innata mai sayar da fura a Sabon Gari ta yi mini hanyar aiki a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa, wanda matarsa ta haihu ta kwanta ciwo. Aka miƙo mini jariri ja wur, kai babu gashi, yana tsala ihu. Na juya shi na aza a baya na ɗaure, ya yi tsit. Nonona dai bai sha ba, madarar gwangwani aka ba shi, amma bayana ya san shi ciki da waje.

A nan ya yi wayo. Ya sha kunun kanwa, ya ci tuwo da hannu, ya buɗe baki da Hausar Maraɗi tsantsa. Ni yake ce wa Inna. Uwar da ta haife shi kuwa Madam yake ce mata, don sunan da ya ji ina kiran ta ke nan. A Maraɗi abin dariya ne, har kuku yakan sa shi ya maimaita a gaban baƙi. Da aikin Mushe ya ƙare suka tafi da ni Faransa, sai dariyar ta tsaya. Yaro ya kusa shiga lakwal, wato makaranta, ba ya yarda ya yi Faransanci, ba ya barci sai a jikina, in uwarsa ta ɗauke shi ya sandare yana miƙo mini hannu.

Wata safiya na iske Madam a madafa tana kuka. Ba muguwar mace ba ce, rowar gishiri kawai gare ta. Na tsaya ina kallonta, na tuna yadda hannuna ya yi mini nauyi bayan an binne nawa. Ita nata yana raye, a ɗaki guda da ita, amma hannunta wayam. Tana jin Hausar cefane, ni kuma ina tsintar Faransanci, da haka muke fahimtar juna. Na ce mata, "Madam, mu can gida in za a raba yaro da nono, ba a gaban uwa ake yi ba. Gidan kaka akan kai shi, a cika mishi ciki, a cika mishi ido da abin wasa. Uwa ba ta sallama, ba ta leƙawa. Ni ma hakanan aka kai ni Tibiri, ga ni ban mutu ba."

Ta share ido ta ce, "Kakarsa tana tsibiri."

Aka shirya zan raka su, don ba zai shiga jirgi ba sai da ni. In ya saba da wurin, sai in sulale in dawo Paris, daga nan a sa ni jirgin Yamai.

Jirgin cike yake da masu zuwa shan iska. Tun a filin jirgi wasu sun kafa hulunan kaba irin na manomanmu, alhali ko ranar ba su gani ba tukuna. Na so in goya shi mu zauna haka, ma'aikaciyar jirgi ta ce a'a, kowa da kujerarsa da ɗamararsa. Aka sa shi tsakanina da Madam. Da jirgi ya ɗaga, kunne ya toshe masa, ya fashe da kuka. Madam ta miƙo alewa, ya ture. Na ga fuskarta, sai na karɓi alewar na ɓare na mayar hannunta, na ce masa, "Amshi wajen Madam, ni ba ni da komi yau." Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya karɓa. Wannan ne karo na farko da na hana shi abu da gangan, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da aka ce a kwance ɗamara ya rarrafo cinyata ya yi barci. Madam ta buɗe littafi, ba ta juya shafi ba. Na leƙa taga. Ni da babban ruwan da na sani shi ne gulbin Maraɗi in ya kawo da damina, yau ga ruwa ba gaɓa, ba itace, ba ko tsuntsu. Aka kawo abinci a faranti mai ɗaki-ɗaki, na ci burodi na bar naman don ban san asalinsa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai rana ce. Ta ƙi faɗuwa. Na yi azahar a zaune, na jira, na yi la'asar bisa ƙiyasi, na sake jira, tana nan tsaye a taga. Na tambayi Mushe, ya ce yamma muka nufa, bin ta muke yi, shi ya sa yinin ya yi tsawo. Ban gane lissafinsa ba, amma na ji daɗi. Na ce a raina, Allah ya sa ta yi ta gudu muna bin ta. Ƙafata ta yi sanyi ƙarƙashin nauyinsa, ban motsa ba. Na yi ta kallon ƙeyarsa da ɗan gumin da ke tsattsafowa a wurin.

Da aka buɗe ƙofa zafi ya buge ni, irin na gida in hadari ya taso. Na ga mangwaro, na ga rake da rogo, na ga baƙaƙen mutane, wata ma sak gwaggota ta Jiratawa. Na gaishe ta, ta yi murmushi ta amsa da wani yare. Kakar tsohuwa ce siririya mai son surutu, ta tanadi bokitin wasa da ɗan kwikwiyo. Na ce lallai tsohuwar nan ta san aikinta.

Kwanakin da muka yi can na yi ta ja da baya. In ya nemi goyo in ce bayana na ciwo. In ya kawo kuka in nuna masa Madam. Ya fara bin kwikwiyo, ya fara yarda uwarsa ta yi masa wanka, har ya kwaso kalmomin Faransanci wajen kakarsa. Kowa na murna, ni ma ina taya su a fuska. Dabarata tana ci, kuma ban taɓa baƙin cikin cin nasara irin wannan ba.

Ranar tafiyata da hantsi Madam ta ja shi bakin teku. Kafin ta fita ta riƙe hannuna biyu. Na ce, "Ki tahi, kar shi juyo." Na ɗauki jakata na bi ta ƙofar baya, inda mota ke jira bayan shingen furanni.

Na riga na shirya wa kukansa. Na gaya wa zuciyata yaron yaye dole ya yi kuka, kwana kaɗan ne ya manta. Ina rufe ƙofar mota sai na jiyo gudunsa a kan dakali. Ashe wani abu ya tsinta a rairayi ya kuɓuce wa uwarsa ya kawo mini.

"Inna! Zo ki gani!"

Ba kuka yake ba, murna yake. Na ji ya tura ƙofar ɗakina, ya fito, ya shiga madafa. Direba ya dube ni ta madubi yana jiran in ce wani abu. Na sunkuya ƙasan kujera, na yi masa alama da hannu ya ja. Yaron ya ɗauka wasan ɓuya nake yi da shi. Mota ta fara tafiya, ina jin sa yana ƙyalƙyala dariya daga ɗaki zuwa ɗaki.

"Inna, hito! Na gan ki!"