Ba Fannami da Wayar da Ba a Kashewa

Da hantsi, kafin rana ta gasa kwanon shagon, Ba Fannami yakan iso da butar shayinsa, ya buɗe ƙofa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi, ya jera ƙananan sukundireba da tsohon buroshin haƙori da yake share cikin waya da shi. Shagon ɗan ƙarami ne, a bayan masu tattasai a kasuwar Diffa, shi ya sa duk wanda ya kawo gyara sai ya yi atishawa kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Shekara ashirin da shida ke nan yana zaune a kan bencin nan. Da rediyo ya fara, sannan salula, sannan kwamfuta. A ƙarshen watan nan zai rufe. Ido ya gaji, ƴan siraran wayoyin cikin na'ura sun fara zame masa biyu-biyu.

Mutanenmu sun rabu biyu a kan waɗannan na'urori. Tsofaffi sun ce ƙarfe ba ya riƙe amana, da an ɗauke wuta komai ya tafi. Masu takardar boko kuwa sun ce abin da ya shiga na'ura ya shiga har abada. Kowane ɓangare da ƙarfin murya yake faɗin nasa, kuma ko ɗaya ba haka yake ba. Ba Fannami kaɗai na ji yana rarrabe zancen a garin nan, shi kuwa bai wuce firamare ba.

Alkali, sakataren wata ƙungiyar manoman tattasai a Shetimari, shi ne shaida na farko. Tun safe har azahar yana buga sunayen manoma a kwamfutar teburi, wuta ta ɗauke, da ta dawo bai tarar da ko suna ɗaya ba. Ya rungumo na'urar har Diffa yana cewa ta cinye masa aiki.

Ba Fannami ya zuba masa shayi, ya ce, "Alkali, in ka kashe injin ban-ruwa, ruwan da ke gudu a cikin kwari yana jiran ka?"

"Ina! Nan take ƙasa ke shanye shi."

"To a cikin kwari ka bar sunayenka. Na'urar nan tana da wurin aiki, shi ake ce wa RAM. Yana da sauri, amma sai da wuta yake riƙe abu. Tana kuma da wurin ajiya, wani faifai mai maganaɗisu. Abin da ka adana a can ya zama kamar kunyar da ka ja da fartanya, ko an kashe inji tana nan. Sai dai kada ka yar da shi ƙasa. Kai ba ka adana ba, ka yi ta zuba ruwa kana jin daɗi."

Alkali ya koma ya sake bugawa. Yau shi ke tsayawa a kan sauran sakatarori yana ce musu su adana, kamar shi ya gano abin.

Shaida ta biyu Ya Kubura ce, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Mutuniyar Bosso ce. Mijinta, Abdulhamid, fataucin banda yake yi. Ya tafi bakin tafki a shekarar da aka fara kai wa garinsu hari, bai dawo ba, ba a kuma kawo gawa ba. Da suka gudo Diffa, abin da ta fito da shi na mijin shi ne ƙaramar wayar da ya bari a gida, irin mai madannai. A ciki akwai muryarsa, wadda ya ɗauka ranar da yake gwada wayar. Wata maƙwabciya ta gaya mata cewa ranar da wayar ta mutu, muryar ta tafi. Tun daga nan Ya Kubura ba ta bari ta mutu ba. Duk kwana biyu tana gaban tagar Kashim mai caji. Ta ƙi biki a Tumur, ta ƙi zuwa jinyar yayarta a ƙauye, don can babu wuta.

Ranar da ta zo shagon, bayan wayar ya tashi, an ɗaure shi da roba.

Ba Fannami ya juya wayar, ya ce, "Ya Kubura, batirin nan ai ciki gare shi. Wata nawa?"

"Ba Fannami, ban zo wasa ba. Ka gyara, amma kada ka kashe ta."

"Sai an cire shi. In ya fashe a cikin zanenki, ke da wayar duka za ku ƙone."

Ta miƙa hannu ta karɓe abinta. "To bar shi ya fashe."

Wani mai gyaran da sai ya cire batirin da ta kau da kai, ya nuna mata cewa ba abin da ya faru. Shi bai yi haka ba. Ya ce ta riƙe wayar da kanta, ta karanta masa kwanan watan da ke jiki. Ta ce ba ta yi boko ba. Ya sa gilashinsa ya karanta mata.

"Wayar ta ce yau biyu ga Janairu. Mu kuwa muna tsakiyar bazara. Yaushe kika kai ta caji?"

"Jiya."

"Irin wannan wayar, duk lokacin da aka zare batir, agogonta mancewa yake yi, ya koma ɗaya ga Janairu. Kashim zare batir yake yi ya maƙala a wancan abin cajin mai haƙora biyu, haka yake wa kowa. Wayarki ta mutu sau ɗaruruwa a bayan tagar nan. Agogo ya mance, amma muryar tana nan, don ita a kan katin memori take."

Ya Kubura ta ce, "Kashim? Wanda nake ce wa ya riƙe min ita kamar jariri, yana cewa to Ya, to Ya?" Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka. Ba Fannami ya juya baya yana neman wani abu a cikin akwati har ta gama. Sannan ita da kanta ta danna madannin kashewa, ta riƙe, fuskar wayar ta yi baƙi.

Ya zaro katin, ɗan abu bai kai farce ba, ya sa a kwamfuta. A nan fuskarsa ta canza. Daga cikin hotuna goma sha ɗaya, huɗu sun zama rabi hoto rabi toka. Bai ɓoye mata ba.

"Katin nan kamar tulu yake. Yana riƙe ruwa ba tare da inji ba, amma yana tsatsa a hankali, zafin Diffa kuma yana ƙara masa. Ke kina tsaron batir, ɓarnar tana nan."

"Muryar fa?"

"Bari mu gani."

Sau biyu kwamfutar ta ƙi kwafa. Ya cire katin, ya goge bakinsa, ya mayar, ya yi bismilla. A karo na uku ta wuce. Ya kunna, sai ga muryar namiji ta cika shagon: "Yana ɗauka? Kubura, zo ki yi magana. To ta ƙi. Jama'a ku shaida, miyar yau ba gishiri." Daga nesa kuma wata mace tana cewa, "Ƙarya yake yi!"

Masu tattasai biyu da suka leƙo sun ce Ya Kubura ta amsa wa na'urar, "Har yau ƙarya kake yi."

Ba Fannami ya zuba muryar a sababbin katuna biyu, ya tura wa ƴarta Bushra a wayarta, ya ce duk shekara a sake kwafa sabo, kada a dogara da wuri ɗaya.

Ba Fannami, mai sanyin hannu, kai ne wanda bai taɓa ce wa mai kawo gyara "ba za ki gane ba". Kai ne ka ɗauki abin da aka rubuta da faransanci da turanci ka mai da shi kwari da kunya da tulu, har manomi ya koya wa ɗan'uwansa. Ka san cewa mutanen da suka baro Bosso da ƙauyukan bakin kogin Komadugu ba su fito da akwatin hotuna ba, abin da ya rage musu na mutanensu yana kan ɗan katin nan. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idonka haske.

Ku masu gyara da za ku ci gaba bayansa, ku riƙa zama ku yi bayani kafin ku buɗe wayar mutum. Mu kuma masu tsofaffin katuna a ƙulle cikin gefen zane ko ƙasan akwati, mu fito da su a kwafa tun suna buɗuwa.

Ba Fannami, Ya Kubura ta ba ni saƙo gare ka. Ta ce ta je ƙauye wajen yayarta, ta yi kwana tara, wayar a kashe cikin jaka. Da ta dawo ta kunna, Abdulhamid yana nan yana ƙorafin gishiri.