Jinin da na zauna ina ƙirgawa

Salamu alaikum. Na san na ɓace muku kusan shekara. Tarin tibi ne ya kwantar da ni a Guangzhou. Na warke, alhamdu lillahi, amma akwai abin da ban faɗa ba.

Digiri na uku nake yi a fiziks. Aikina bin sawun wata ƙwayar zarra ce da takan tarwatse ta wata hanya da ba kasafai ake gani ba. A wajenmu, abin da ya faru sau ɗaya ba hujja ba ne, sai ya taru.

Ranar da na fara ganin jini a kakina, wallahi littafi na ɗauko na rubuta kwanan wata.

Ɗaki ɗaya muke a unguwar Dengfeng da Alhaji Isufu, dattijo ɗan Maradi mai saro tufafi a kasuwar Baima. Kwano ɗaya muke ci.

Ya ce, "Malam, tarin nan naka bai yi mini ba. Je ka likita."

Na ce, "Alhaji, sau ɗaya ba hujja ba ne."

Ƙarya nake. Tsoro nake ji. Shekarar da ƙasar ke karɓar wasannin Olamfik ce, an matsa wa baƙi kan biza, ina gudun a ce in koma gida ban kammala ba.

Sai da na rubuta sau goma sha ɗaya na je asibiti. Hoton ƙirji, gwajin kaki, alawus ɗina ya tafi. Likitar ta ce, "Da wa kuke kwana ɗaki ɗaya?"

Aka gwada Alhaji. Ya kamu, ga shi da ciwon suga.

Ni wata shida na sha magani na miƙe. Shi huhunsa bai koma daidai ba, ya bar fatauci. Ranar da zai tafi gida ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ina jin a kasuwa na kwaso na shafa maka. Ka yafe mini."

Jama'a, na buɗe baki na ce, "Na yafe."

Kunyar wannan kalma ta fi ciwon ci na.

Jiya na kira shi na karanta masa littafin tun daga farko. Da na gama ya ce, "Goma sha ɗaya, Malam? Muna cin tuwo tare?" Ya kashe wayar.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da ku masu cigiyata. Don Allah, in tari ya wuce mako biyu, ko ka ga jini ko sau ɗaya ne, tafi asibiti ranar, ka kuma sanar da wanda kuke ɗaki ɗaya.

Ku sa Alhaji Isufu a addu'a. Yau sau uku na kira, bai ɗaga ba.