Matuƙin jirgin da ke ba motoci hannu

Shekararsa arba'in da huɗu, sufeton 'yan sanda ne, yana kuma da lasin tuƙa jirgi mai saukar ungulu, amma lasin zai mutu a ƙarshen watan nan. A bariki Kyaftin ake ce masa. Da can girmamawa ce, yanzu ta koma tsokana.

Gwamnati ce ta ba wani kamfani kwangilar koya wa 'yan sanda tuƙin jirgi, aka zaɓe shi, ya je ya ci jarrabawa. Sai da ya dawo aka lura kwangilar a koyarwa kaɗai ta tsaya. Ba mai, ba makaniki, ba kuma wanda ya tuna cewa matuƙi in ya daɗe bai tashi ba, lasinsa mutuwa yake yi. Jirgin da 'yan sandan ke da shi na nan cikin rumfa, an lulluɓe gilashinsa da tamfol, tattabaru sun mai da fukafukansa masai. Shi kuwa aka tura shi mahaɗar bakin kasuwa yana ba motoci hannu.

"Kyaftin, yau ina za mu sauka?" in ji direbobin tasi, suna dariya.

A gida ma bai tsira ba. "Baban yara," matarsa kan ce, "ka daina ɗaga kai duk jirgin da ya gifta, wuyanka zai ƙage."

Babu ofishin da bai taka ba. Jami'in kwangila ko kallonsa bai yi ba ya ce, "Sufeto, mu horo muka saya, ba tashi ba." Ya fito yana huci, har usur ɗinsa ya manta a kan teburin, sai da ya koma ya ɗauko.

Makon jiya kwamanda ya kira shi. Manyan baƙi za su zo a sa hannu kan sabuwar kwangila, da kamfanin nan dai, don a horar da sababbin matuƙa. An wanke jirgin tas. Ana so ya sa kayan tuƙinsa, ya tsaya a gefensa a ɗauki hoto.

"Yallaɓai, a zuba mini mai in tashi. Lasina zai mutu."

"Babu shi a kasafi. Kai dai ka yi murmushi."

Ranar taron ya zo cikin kayan ba da hannu, da farar safar hannu, da usur a wuya. Ya tsaya daidai inda aka ce. Kwamanda ya zare masa ido, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba.

Shugaban kamfanin ya waiwaya. "Ina matuƙin namu?"

"Ga ni, ranka ya daɗe. Ku kuka koya mini." Sannan ya juya wajen kuratan da aka jera za a tura horo. "Ku kalle ni da kyau. In kun gama, nan za ku dawo, ba motoci hannu."

Mai hoto ya sauke kyamara. Kyaftin ya ƙame, ya sara wa kwamanda, ya fita bakin ƙofa ya busa usur, ya tsayar da titi har motocin baƙin suka wuce.