Ashe Suga Suna Ya Tara

Shekarar da fartanya ta sare ni a ƙwauri, ina cirar gyaɗa a gonarmu ta bayan Ajingi, na sha wahalar da ni na saya da kaina. Kwana uku wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ya fara mugunya. Na kira babbar 'yata da ke karatun ilimin jini a Kano, na kwatanta mata.

Ta ce, "Baba, ai wannan aikin suga ne, wanda ke jikin..." Sai sabis ya ɗauke.

Suga! Innalillahi. Yayana ciwon suga ne ya cinye masa ƙafa, daga ɗan gyambo aka yanke ta a gwiwa. Ban sake kiranta ba, in ta kira ma ba na ɗauka. Mako guda ina zaune ina kallon ƙafata. Maiɗakina ta tambaye ni lafiya, na daka mata tsawa. Tsoro ne wallahi, ba komai ba.

Rana ta takwas sai ga yarinyar da kanta, ta tasa ni gaba sai asibiti a Gaya. Aka soki yatsana aka auna. Likita ya ce, "Malam, suganka lafiya lau." Aka wanke ciwon, aka yi min allura.

Na juya kanta. "Ke, to wane suga kika ce min?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Baba, ba na ciwo ba. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙar cuta, gudu jini yake yi da su. A bayansu akwai wasu 'yan zaruruwan suga. In sun iso inda ciwo yake, zaruruwan ne ke kama bangon jijiya kamar ƙarangiya a wando, su yi ta mirginawa har su tsaya, su ratsa su shiga. Da babu sugan nan, wucewa za su yi. Kumburin da mugunyar alama ce sun iso."

"Shi ne ba za ki ce ƙarangiya ba tun farko? Boko ya cinye miki Hausa?"

"Ai kai ka ƙi ɗaukar waya, Baba."

Na miƙe muka fito.

A ƙofar asibiti ta tsayar mana da mai babur, na ce ya ƙara gaba. Da ƙafata na taka har tasha, ina ɗingishi, kowane taku sai ya yi min zafi, ni kuwa ina ta hamdala.